Kakana Mai Burodi da Cutar Alkama

Allah Mai kowa Mai komai Ya karɓi abinSa. Kakana, mahaifin babana, wanda Tambuwal ta sani da Alhaji Mai Burodi, ya rasu ranar wata Laraba da hantsi, bayan ya haura shekara casa'in a duniya. Daga wurin Allah muka zo, can kuma za mu koma.

Ranar, masu shayin garin ba su kafa tebur da yamma ba. Ba wanda ya umarce su. Haka kawai suka taho a ayari suka cika tabarmin ƙofar gida. Mijina, da yake zaune wajen maza, shi ya riƙa shigo mini da abin da ake faɗi. Ya ce babbansu, wani dattijo da ya fara sarin burodi a hannun Kaka tun bai yi gemu ba, ya riƙe hannun babana ya kasa saki. Da ƙyar ya ce, "Malam, mun yi rashi. Tun da nika shayi ban taɓa yanka burodin Alhaji na ishe ɗanye a ciki ba."

A cikin gida kuwa mata ne maƙil, daga Jabo, daga Kebbe, har daga Sakkwato. Wata Bafillatana ta taho daga Fakku a kan babur da ƙwaryar nono a cinya, duk ramukan hanyar nan ba ta bar ko ɗigo ya zube ba. Ta ajiye gabana ta ce uwarta ce ta fara kawo wa Alhaji nono, da ta tsufa ita ta gada, yau kuma ranar kawowa ce, ta rasa yadda za ta yi ta zo hannu rabbana. Sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Wata tsohuwa a gefe ta ce, "Allah jiƙan shi, amma fa akwai tsauri. Ya taɓa koro mani ɗa daga gidan burodi don ya shiga da farce zaƙo-zaƙo." Aka yi dariya cikin hawaye.

Har aka yi sadakar uku ina sauraro. Kowa burodi yake tunawa, laushinsa da ƙamshinsa. Ni kuwa, jikarsa ta fari, burodin nan saura kaɗan ya kai ni kabari. Abin da Kaka ya yi a kan haka shi ne mutumin da na sani, kuma ba na son a binne labarin tare da shi.

Asalinsa manomi ne, gero da dawa, da 'yan shanu da ke hannun yayarsa a Kebbe. Cin rani ne ya kai shi Gusau, ya yi shekaru yana aiki a gidan burodin wani Bayarabe. Da aka yanka jihar Sakkwato, kuɗin mai suka shigo, ma'aikata suka cika gari, kowa ya koma son shayi da burodi da safe a maimakon kunu, sai ya dawo gida ya gina tanderu. Katanga ɗaya ce tsakanin tanderun da ɗakin mahaifiyata. Ta ce a lokacin ko zanen gado ka kakkaɓe sai ƙurar fulawa ta tashi.

Ba ya son hayaniya kusa da kwaɓi. Idan an cuɗa fulawa da yis, abin da ke sa kwaɓi kumbura, an rufe da zane, yakan ɗora yatsa a baki ya ce wa ma'aikata, "Ku rage murya, shina tashi." Su yi ta ƙunshe dariya. In kwaɓi ya ƙi kumbura ba ya yi wa kowa faɗa. Tsugunawa yake yi ya shinshina, ya ce sanyi ya ji, ya matsar da shi kusa da tanderu kamar jinjiri. Yakan ce, "Wanga abu shina da rai. Ban san irin ran ba, amma shina da rai."

Yana da wata magana kuma da ba ta barin bakinsa: "Wuta ba ta san Alhaji ba." Ya faɗa wa ma'aikacin da ya tsaya hira burodi na ƙonewa. Ya faɗa wa babana lokacin da ya fara gudu da mota. Ya faɗa wa kansa ranar da ya dawo daga Makka aka yi ta zuwa gaisuwa, ya zame daga cikin baƙi ya tafi duba tanderu.

Abin da zan faɗa yanzu ban tuna shi da kaina ba. Daga bakin mahaifiyata na ji, da bakin yayar Kaka, wadda muke kira Inna Kebbe.

Da aka yaye ni, Kaka ya ce amaryarsa ba za ta sha kunu kamar 'yar talaka ba. Amarya yake kirana, wasan kaka da jika. Kullum da safe shi da kansa yake ciro tsakiyar burodi mai laushi ya jiƙa a madara ya ba ni a baki. Mahaifiyata ba ta da ta cewa. Ni 'yar fari ce, kunya ba ta barin ta ko ta ɗauke ni gaban surukai.

Ba a daɗe ba ciki ya fara kumbura. Zawo ya ƙi tsayawa, fari-fari mai wari. Ƙafafu suka zama kamar sillen kara, gashi ya yi ja ya kwanta, tafiyar da na fara na daina. Aka yi rubutu, aka yi jiƙo, aka sha maganin tsutsa daga asibiti. Ma'aikacin jinya ya duba ni ya ce tamowa ce, a ƙara abinci. Maganar ta yi wa Kaka ciwo. Jikar mai burodi da cutar yunwa! Sai ya ƙara burodin, har da man shanu a kai. Ni kuwa ina ta ƙarewa.

Inna Kebbe ce ta zo ta gan ni kwance, ba ta nemi shawarar kowa ba ta ɗauke ni ta goya. Ita kaɗai ce a duniya take kiran Kaka da Auta, kuma ita kaɗai yake tsoro. Ta ce, "Auta, gidan ga ya yi wa yarinya nauyi. Ni tahi da ita."

A Kebbe abin da ake ci shi aka ba ni: fura da nono, kunun gero, tuwon dawa da miyar kuka. Kafin damina ta yi nisa zawo ya tsaya, kumatu suka fito, na miƙe ina bin maruƙa. Aka dawo da ni Tambuwal da murna. Kaka ya gasa mini burodi na musamman mai siffar kifi, da idon zabibi. Ba a rufa wata ba na sake kwanciya.

Aka mai da ni Kebbe, na sake warkewa. Daga nan magana ta fara yawo cewa gidanmu da iska. Kaka ya tara malamai aka yi sauka, ya sauya wa mahaifiyata ɗaki, ya sa aka yashe rijiya. Ni dai aka bar ni hannun Inna. Shi kuma kewa ta hana shi zama, sai ya riƙa hawan babur ɗinsa yana bin hanyar nan mai taɓo yana zuwa ganina, da kwalin tsaraba a baya.

Wata rana ya iso da hantsi, na ruga na rungume ƙafarsa, ya miƙa mini burodi. Inna ta fito daga madafa da muciya a hannu, ko sannu da zuwa ba ta yi masa ba.

"Auta, ba ni son ganin ka gidan ga."

"Yaya, mi na yi?"

"Yarinya lafiya lau take, tana ci tana wasa. Ka zo ka tahi, kwana biyu sai ta kwanta. Wancan zuwa haka anka yi, na gabansa ma haka. Ni ban ce kai maye ne ba. Amma mutane sun fara faɗi."

Wanda ya san ƙasarmu ya san nauyin wannan kalma. Tana raba mutum da garinsu, tana bin 'ya'yansa har wurin aure. Inna ta ce fuskarsa ta koma kamar toka.  Ya juya ya fita, ya zauna gindin tsamiyar da ke bakin garke, ya daɗe yana kallon shanu. Ta ɗauka babur zai hau ya tafi ke nan, ba zai ƙara taka gidanta ba.

Sai ga shi ya dawo. Ya tsaya bakin madafa ya ce, "Yaya, mi yarinyar ga take ci nan?"

"Abin da kowa ke ci. Fura, nono, tuwo."

"Burodi fa?"

"Wa ke kawo burodi Kebbe cikin damina in ba kai ba?"

Ta ce tana rufe baki ita ma ta ji abin ya faɗo mata. Suka tsaya suna kallon juna. Ina zaune a tabarma ina gwaguyar sauran ɓawon da ya ba ni. Ya tsuguna gabana, ya buɗe yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ya zare shi. Na tsala ihu. Inna ta ce rabonta da ganin hawayensa tun ranar da uwarsu ta rasu.

Ya ce, "Ba maita ba ce, Yaya. Burodina ne. Da hannuna nika ba ta."

Daga ranar ya ci gaba da zuwa, amma da goro na Inna da dabino nawa kawai. Ya zo ya tafi, ya zo ya tafi, ko atishawa ban yi ba. Da ya tabbata, ya ɗauke ni zuwa asibiti a Sakkwato ya zayyana wa likita komai. Likitan ya saurare shi har ƙarshe. Ya ce lalle akwai irin wannan cuta, ya karanta ta, ko da yake bai taɓa haɗuwa da ita ba. Ya ce ba burodi kaɗai ba ne, duk abin da alkama ta shiga ne: taliya, alkaki, fanke, cincin, biskit. Magani ɗaya ne, a raba ni da su.

Kaka ya ce, "Har ta girma?"

Likita ya ce, "Har iyakar rayuwarta, Alhaji."

Ya dawo Tambuwal ya ɗauki diga ya nufi tanderu. Babana ya roƙe shi, ma'aikata suka roƙe shi, bai ko waiwaya ba. Allah Ya sa Inna Kebbe ta biyo mu gida. Ta sha gabansa ta ce, "Aje digar nan, Auta. Gidaje nawa ke ci daga tanderun ga? Alkama ba ta yi laifi ba, kai ma ba ka yi ba. Allah ne Ya halicci ciki iri-iri." Sannan, a gaban kowa, babbar mace da ita, ta ce ya yafe mata kalmar da ta faɗa masa. Ya ajiye digar.

Bai fasa tanderun ranar ba, amma bai bar shi a gidan ba. Ya gina sabo a gonarsa ta bayan gari, ya kwashe komai ya mayar can. Ya sa aka share gida, aka wanke tukwane da akusa, aka fitar da ko rariyar da ta taɓa fulawa. Shi kansa ba ya shigowa daga wurin aiki sai ya yi wanka a can ya sauya riga. Na taso ban taɓa jin ƙamshin burodi a jikin mai burodi ba. Ƙamshin sabulun salo nake ji.

Daga nan abin da zan faɗa na tuna shi da kaina.

Wata ƙaramar salla, ina 'yar shekara shida ko bakwai, muka fita yawon salla da yara. Duk gidan da muka shiga cincin ne da alkaki, kowa na cika aljihu, ni ana cewa, "Kar ku ba ta, ita ba ta ci." Na dawo gida da kuka na shige zaure na faɗa jikin Kaka. Na ce ni kaɗai ce a duniya ba na ci.

Ya ce, "Wa ya faɗa maki ke kaɗai ce? Ni yaushe rabon da ki gan ni ina ci?"

Na yi tunani. Ban taɓa gani ba.

"Ango da amarya ai akushi ɗaya suke ci. Abin da ba ki ci, ba ni ci."

Na ɗauka lallashi ne. Sai da na girma mahaifiyata ta gaya mini tun ranar da ya zare ɓawon nan daga hannuna a Kebbe bai ƙara sa alkama a bakinsa ba. Bai yi alwashi gaban kowa ba, bai sanar ba. Dainawa kawai ya yi. Mutumin da burodinsa ke zaga Tambuwal da ƙauyukanta, da hanci da yatsa yake gane ya yi ko bai yi ba. Ya shinshina, ya danna, ya ƙwanƙwasa gindin ya saurara. Ni da shi kuwa masar shinkafa muke ci, da dambun masara, da fura, da nonon Fakku da ba ya yankewa a gidan.

Ba zan ce ba shi da wuyar sha'ani ba. Da na gama makarantar horon malamai aka zo neman aurena daga wani babban gida. Ana cikin gaisuwa, magana ta yi daɗi, sai Kaka ya gyara zama ya ce wa baƙin, "Kafin a yi nisa, ku sani yarinyar ga tana da lalura." Ya faɗi komai, har da cewa mai yiwuwa 'ya'yanta su gada. Baƙin suka ce za su je su yi shawara. Ba su dawo ba.

Babana ya fusata ƙwarai. Ban taɓa jin ya ɗaga wa mahaifinsa murya ba sai ranar. Ya ce, "Baba, wa ya tambaye ka? Yarinya lafiyarta lau, ka kashe mata aure!"

Kaka ya ce, "Ni ban taɓa sai da burodi na ɓoye ƙonannen gindi ba. Gidan da za a ɓoye masu, ranar da ta ƙi cin taliyarsu za su ce girman kai ne, su tilasta ta. Ka taɓa ganin ta kwance. Kana son ka ƙara gani?"

Suka yi watanni gaisuwa kawai ke haɗa su. Ni ma na yi fushi da shi, na daina zuwa zaure cin fura. Bai biyo ni ba, bai ba da haƙuri ba. Yakan dai aiko mini da rabona a ƙwarya, a rufe da faifai. Da mijina ya fito neman aurena, Kaka ya sake maimaita jawabin nan kalma da kalma, babana na zaune yana zufa. Sai kawun mijina ya yi dariya ya ce, "Alhaji, mu mutanen Jabo ne. Gero munka gada."

Ranar da za a kai ni na je sallama. Na ce, "Kaka, tunda zan bar gidan, sai ka koma cin burodinka."

Ya ce, "In na ci, ranar da kika ga mutane na ci ranki ya ɓaci, wa za ki tuna?"

Maganar gado da ya yi ta tabbata a kan ɗana na biyu. Ni da na san alamun ban jira ba. Muka shirya zuwa Sakkwato, Kaka ya ce ƙafarsa ƙafarmu, ko da yake a lokacin ya kai tamanin, da sanda yake tafiya. Aka ɗebi jinin yaron, aka duba hanjinsa. Likitar, wata matashiya mai haƙuri, ta ce sunan cutar siliyak. Akwai wani danƙo a cikin alkama, shi ne mai sa kwaɓi ya yi yauƙi. A jikin masu wannan cuta, idan ya isa hanji sai jiki ya ɗauke shi abokin gaba, garin faɗa da shi ya lalata bangon hanjin, abinci ya riƙa wucewa ba ya shiga jiki.

Kaka ya girgiza kai ya ce, "Danƙon ga ni na san shi. Shi nika nema in ina cuɗa."

Sai ta ƙara da wata magana. Ta ce a cikin hanjin kowane mutum akwai ƙananan halittu masu rai da ido ba ya gani, ba su ƙirguwa, suna taya shi narkar da abinci suna kare shi daga cuta. Ta ce masu bincike sun lura na yaran da ke da wannan cuta sun bambanta da na sauran yara: wasu masu amfani sun ragu, wasu sun yi yawa. Ba a gama sanin ko cutar ce ke ɓata su ba, ko kuwa ɓacinsu ne ke buɗe wa cutar ƙofa.

Kaka ya matso da kujerarsa. "Likita, tsutsa kike nufi?"

"A'a, Baba. Tsutsa baƙuwa ce, cuta ce. Waɗannan 'yan gida ne."

"Ni ma akwai su cikina?"

"Tun kana jinjiri."

"To nonon da munka riƙa ba uwar yaron ga?"

Ta ce nono ba ya warkar da cutar, barin alkama ne maganin. Amma a cikin nono mai tsami akwai irin waɗannan halittu, kuma abinci ne mai kyau ga hanjin da ke farfaɗowa.

Muka kamo hanyar Tambuwal a mota. Muna isa ya ce mini, "Amarya, ke da kike karantar da ilimin halittu, kin san da wanga zance?" Na ce na sani, bakteriya muke kiran su a makaranta. Ya ce, "Kin taɓa ganin su?" Na ce na gani. Ya dube ni kamar na ci amanarsa. "Kuma ba ki taɓa faɗa mani ba?"

Ranar Asabar da safe na kai shi makarantar 'yan matan da nake koyarwa. Ba ɗalibai, sai mu biyu a ɗakin gwaje-gwaje. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, rawani a kafaɗa. Na taho da yis daga gidan burodinsa, na jiƙa a ruwan ɗumi da sukari, da ɗan kindirmo a kofi. Na fito da madubin likita, na'urar da ke ƙara wa abu girma har a gan shi.

Yis na fara sa masa. Ba a daɗe da yi masa aikin yanar ido ba, ganinsa garau. Ya cire hula, ya sunkuya, ya ce duhu kawai yake gani. Na nuna masa yadda zai rufe ido ɗaya, na murɗa a hankali. Sai na ji numfashinsa ya tsaya.

"Subhanallahi."

"Me ka gani, Kaka?"

"Kamar ƙwayar gero. Ga su nan birjik. Amarya, wasu da goyo! Ga ƙarami nan manne ga babba."

Na ce haihuwa suke yi. Haka suke yaɗuwa, suna cin sukari suna fitar da iska, iskar ce ke kumbura kwaɓi.

Ya ɗago, idanunsa sun cika. Ya ce, "Shekara da shekaru ina ce wa yara su rage murya suna yi mani dariya." Ya sake sunkuyawa. Ya daɗe har na ji tsoron bayansa.

Sannan na shafa ɗigon kindirmo a gilashi, na busar, na ɗiga masa shuɗin rini, na ƙara ƙarfin madubin. Na ce waɗannan sun fi na farko ƙanƙanta nesa ba kusa ba, su ne dangin na cikin hanji. Ya duba ya ce wasu kamar guntayen tsinke, wasu jere kamar carbi. Ya tambaya nawa ne a cikin mutum ɗaya. Na ce sun fi mutanen duniya yawa. Ya ce in sake faɗi. Na sake.

Ya ja da baya ya zauna a kujerar ɗalibai, hula a hannu. Ya ce, "Kuma kowane ɗaya da rabonsa. Kowane ɗaya Allah Ya san da shi." Ya tashi ya nemi inda gabas take, ya shimfiɗa rawaninsa a kan simintin ɗakin, ya yi sujada. Ni ina tsaye da gilashi a hannu. Shekaru na yi ina nuna wa 'yan mata abin nan don su ci jarrabawa, ban taɓa jin tsigar jikina ta tashi ba sai ranar.

Daga nan ya samu sabon abokin akushi. Ɗana ya warke, ya yi ƙiba, ya zama shi ne mai zuwa zaure cin fura. Kaka yakan tare shi da, "Maigari, ya jama'arka? Ka ciyar da su yau?" Yaron ya shafa ciki ya ce sun ƙoshi. In an kawo yaro mai kumburin ciki da zawon da ya ƙi jin magani, daga unguwa ko daga ƙauye, Kaka ba ya cewa ga cutar. Cewa yake a kai shi asibiti, kuma a gaya wa likita abin da yaron ke ci, kada a rage komai. Mai burodi ne, amma na sha jin yana ce wa uwa, "Ki dakata da ba shi nawa tukuna, sai an duba."

Jinyarsa ta ƙarshe ba ta yi tsawo ba. Tsufa ne. Abinci ya ragu, ya koma cokali biyu na fura, daga baya ruwa. Safiyar ranar da zai rasu na shiga na same shi idonsa biyu, rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan ƙafafunsa. Na zauna bakin gado na riƙe hannunsa. Ya yi salati a hankali, sannan ya ce, "Amarya."

"Na'am, Kaka."

"In na tahi, su fa? Jama'ar cikina."

 Na ce su ma nasu ya ƙare ke nan, tare za su koma ƙasa.

 Sai ya zare hannunsa daga nawa, ya ɗora a kan cikinsa da ya lafe, ya shafa sannu-sannu kamar mai lallashin dabba.

"Tare munka zo ashe. Shekara casa'in suna yi mani aiki, ba dare ba rana, ban taɓa ba su ko sannu ba." Ya ɗan murmusa. "To, sannunku. Allah Ya saka."

Kafin rana ta take ya cika, da kalmar shahada a bakinsa.

Ya Allah, bawanKa ya zo gare Ka. Ya ciyar da mutane da halal, ya hana kansa don yarinya ɗaya kada ta ji kaɗaici, ya ga kaɗan daga ikonKa ya faɗi ya yi sujada. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haɗa shi da yayarsa da ta riga shi a gidan rahama. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.